Sabon Jini a Cikin Kwalba

Mai Inji ba ya fara magana sai ya ɗaga hannunsa na hagu, don kowa ya ga gurbin yatsu biyun da bel ɗin injin niƙa ya tafi da su. Daga nan labari ya ɓalle. Gobara ta ci rumfarsa yana ciki, ya fito ko gemunsa bai babbake ba. Mota ta kife da su a kan gada, aka jera mutane a bakin titi aka lulluɓe, shi ya tashi ya karkaɗe riga yana tambayar ina hularsa. Ƙurar gari ta cika masa huhu har likita ya ja iyalinsa gefe, yau likitan ya daɗe a ƙasa. Ba ƙarya yake yi ba, ƙari dai yake yi, kuma wanda ya tsallake irin waɗannan ramuka ai ya ci albarkacin ɗan gishiri. Abokan zamansa na ƙofar shagon Tela suna ce masa Ƙi-mutu, shi kuwa amsawa yake yi har da gyaran murya.

Matarsa ta riga shi. 'Ya'yansa maza biyu ma sun riga shi. Wannan ba ya cikin labaran da yake bayarwa. Wadda ta rage masa 'ya mace ce, mai sunan mahaifiyarsa, shi yana ce mata Uwata, duniya tana ce mata Dokta. Tare suke zaune a hawa na biyu na wani dogon gini, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda.

Aikin Dokta a jami'a binciken ƙwaron gari ne, jajayen nan ƙanana da ke sa gari ya yi wari. Mai Inji ya ƙare ƙuruciyarsa yana yaƙi da su, sai ga 'yarsa tana ba su abinci tana ɗumama musu ɗaki. Abin da ya sa ya yafe mata shi ne asalin ƙwarin. Tun tana ɗaliba ta durƙusa a ƙarƙashin injinsa ta share su cikin kwalba, daga su ta tayar da dangi guda, ba ta taɓa bari sun haɗu da wasu ba. Bayan haka aka faɗaɗa titi, ya bi ta kan rumfar, inji ya tafi wurin masu sayen ƙarfe. Daga duk abin da ya tara a wannan wuri, ƙwarin nan kaɗai suka rage da rai. Ƙwarina, haka yake kiransu.

Ta taɓa yi masa bayanin aikin suna shan shayi a baranda.

"Baba, kowace halitta tana da ƙwayoyin gado a jikinta, kowace da abin da take sa a gina. Ni uwar nake yi wa allura, allurar ta rufe bakin ƙwaya ɗaya, ta yi shiru. In ta yi ƙwai suka ƙyanƙyashe sai in duba tsutsotsin. Abin da na ga babu, to shi ne aikin wannan ƙwayar."

"Wato ki zare ƙusa ɗaya a inji, ki tayar, ki ga ina zai yi ƙara."

"Haka ɗin ne."

"To ai sana'ata kike yi, kin dai sa farar riga. Me kika ga babu?"

"Leɓen sama."

Tsutsar ƙwaro tana da leɓe, in aka sa ta a madubin likita. Dokta ta yi shekaru a kan wannan leɓen, ta rubuta abin da ta gano, aka buga, sunanta ya ƙetare teku. Mai Inji ya kai labari ƙofar shagon Tela kafin shayinsa ya huce.

Tela ya zare allura daga bakinsa. "Wato duk bokon nan, a cire wa tsutsa leɓe? Ƙi-mutu, da kai aka yi wa allurar nan da unguwa ta samu barcin rana."

"Kai da ka shekara talatin kana allura ba ka taɓa ɗinka wando ƙafafunsa sun zo daidai ba? Ƙwarina ne suka shiga jirgi, ɗan nema. Kai ko tasha ba a san ka ba."

Ana nan sai aka gayyaci Dokta wata ƙasa ta yi watanni. Akwatin ɗumi na ɗakin bincikensu, wanda yake kamar firji amma zafi yake riƙewa, ya fara wasa da hankalinsu, don haka ta raba dangin biyu. Rabi ta bar wa ɗalibanta, rabi ta zo da shi gida a babbar kwalba mai murfin ƙyalle, ta ɗora a saman kabad ɗin falo. Ta ajiye masa ledar gari da 'yar rariya.

"Lokaci-lokaci ka tankaɗe su ka canza musu gari. Amma wannan garin kawai, Baba. Kada ka zuba musu na kasuwa, ko cokali ɗaya."

"Uwata, ni za ki koya wa gari? Tun ba a haifi malamanki ba nake cikinsa har wuya."

Ya riƙe amana. Ko cokali ɗaya na garin kasuwa bai shiga kwalbar nan ba. Sai dai duk tankaɗen da zai yi, matattu sun fi na baya yawa, masu ran kuma sun yi laƙwas, ka juya ɗaya rigingine ya wuni yana harba ƙafa. Ya zauna ya zuba wa kwalba ido, abin ya dame shi. Shi da aka bar wa amana, yarinya ta dawo ta tarar da maƙabarta? Ai kuwa ya san wannan ciwo. Ya yi kiwon kaji, ya yi na tantabaru. Gidan da aka daɗe ba a kawo baƙon zakara ba, ƙwai fanko yake zama, 'yan tsaki su riƙa fitowa da murɗaɗɗiyar ƙafa. Ɗan uwa ya auri 'yar uwa shekara da shekaru a cikin kwalba ɗaya, ina ƙarfi zai fito?

Ya ɗauki kwalin ashana ya tafi wurin wani mai sayar da fulawa a bayan kasuwa, ya roƙi a bar shi ya duba bayan buhuna. Mai shagon ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa masu ƙara, ya tsinci ƙosassu masu gudu, ya kawo gida, ya hure kowane ɗaya tas don kada ƙurar garin kasuwa ta biyo shi. Gari ta hana. Ba ta ce ƙwaro ba.

Kafin wata ya zagayo sau biyu kwalba ta rayu. Gari yana motsi da kansa, tsutsa fal, manya suna hawa bango har ƙyallen murfi. Da Dokta ta dawo, kafin ta cire takalmi ta sauko da kwalbar ta ɗaga ta wajen haske.

"Kai, Baba. Ai ka fi ɗalibaina. Nasu sai ja da baya suke yi. Me ka yi musu?"

"Hannu ne," in ji shi, ya ɗaga mai yatsu ukun. Mai sana'a ba ya tona asirin hannunsa ranar da aka yabe shi. Ya bar maganar sai wata rana da za ta fi daɗin faɗa.

Wata ranar ba ta zo da wuri ba, domin Dokta ta dawo da damuwa a jakarta. Masu bincike a wasu ƙasashe sun yi allurar nan tata, yadda ta rubuta sak, tsutsotsinsu suka fito da leɓensu cif. Wuri ɗaya, wuri biyu, sai magana ta fara yawo. Wani ya ce kuskure ne. Wani ya ce hotunan gyara su aka yi. Jami'a ta kafa kwamiti. In ta nuna abin a gaban shaidu, sunanta ya wanku. In ta kasa, a janye rubutun, kuma ba za a sabunta mata aiki ba.

Mai Inji ya tashi tsaye. "Wa ya ce kin yi ƙarya? Nuna mini gidansu."

"Zauna, Baba. Su ma ba ƙarya suke yi ba. Su duk dangi ɗaya suke amfani da shi, wanda ake aika wa kowa. Namu gidansu daban. Ina jin a nasu akwai wata ƙwayar da ke karɓar aikin in an rufe bakin wannan, a namu kuma babu. Kamar inji ne mai ƙusa biyu a wuri ɗaya, ka zare ɗaya ba zai ko girgiza ba. Allura ɗaya ce, jinin da ta tarar ne ya bambanta."

"To ki yi da namu su gani."

"Abin da zan yi ke nan. Kuma in ya fito, ya fi na farko ma daraja."

Sai akwatin ɗumi ya yi abin da ya daɗe yana shirin yi. Ana cikin hutu ya ƙwace, zafi ya yi ta hawa ba kowa a wurin. Da aka buɗe, duk kwalaben ɗalibai sun gasu, ko ƙwai ɗaya bai tsira ba. Dokta ta zo gida da rana tsaka, ta tsaya a gaban kabad ta daɗe, sannan ta rungumi kwalbar kamar jariri.

"Da ba don kai ba, Baba, da yau na gama yawo."

Ranar har Tela sai da ya roƙi a sassauta masa. Mai Inji ya ce jami'a guda da injinanta da masu digirinta sun kashe ƙwari, tsoho ɗaya da rariya ya raya su. Ya faɗa, ya sake faɗa, ya tare mai wucewa ya faɗa masa.

Aikin ya ɗauki makonni. A ware matan cikinsu tun suna kwance ba su zama ƙwaro ba, a jera su a kan gilashi, a tsira wa kowace allura mai sirantar da ta fi gashi, a jira su tashi, a haɗa su da maza, a tara ƙwai, a jira. Mutum biyu na kwamiti suna tsaye a kanta a kowane mataki. Ta rame, amma tana dawowa gida da 'yar waƙa a bakinta.

Ranar da aka duba, la'asar ba ta yi ba ya ji makullinta a ƙofa. Ta shigo ta zauna a ƙasa, ta jingina da kujera, jakarta a kafaɗa.

"Uwata?"

"Da leɓensu, Baba. Kusan duka. Ɗaya-ɗaya ne ya ɗan tauye, irin abin da kowa zai ce tsautsayi ne."

"A sake."

"An sake. Kashi uku na yi." Ta kalli tafin hannunta. "Ni yanzu ba korar ce take cin raina ba. Tun a hanya nake tambayar kaina, shin na taɓa ganin abin nan kuwa? Ko idona ne ya riƙa nuna mini abin da zuciyata take so? Shekarun nan duka. Wataƙila su ne da gaskiya."

Bai taɓa jin wannan murya a bakinta ba, ko ranar da aka fita da uwarta. Ya rasa abin da zai ba ta, sai ya ba ta abin da yake da shi.

"Ke, daina wannan magana. Idonki ƙalau. Ƙarfi ne ya yi wa ƙwarin yawa, allurarki ta yi musu kaɗan, ki ƙara musu. Ba irin laƙwasassun da kika bar mini ba ne. Da kika tafi ai mutuwa suke yi kamar ƙuda. Ni na ce ba a gidana ba. Na je bayan kasuwa da kaina na zaɓo ƙosassu, na sa musu sabon jini. Ki tambayi duk mai kiwo. Kin ga yadda suka..."

Ta ɗago. Ba ta yi ihu ba, ba ta ko motsa ba.

"Ka zuba wasu a ciki?"

"Na hure su tas. Ko ƙurar gari ba ta bi su ba, yadda kika ce."

"Yaushe?"

"Ba ki daɗe da tafiya ba."

Leɓunanta suka yi motsi kamar mai lissafi. Sai ta yi wata 'yar dariya, gajeriya, hawaye suka biyo bayanta.

"Ashe ban haukace ba," ta ce. "Alhamdu lillahi. Ashe na gani."

Mai Inji ya tsaya da bakinsa a buɗe. Mutum ne mai kaifin kai, ba ya buƙatar a faɗa masa abu sau biyu. Maganar ƙusa biyu ta dawo masa: baƙin da ya zuba ne suka kawo ƙusa ta biyu. Ya laluba hannun kujera ya zauna.

"To a tankaɗe. A fitar da baƙin. Zan gane su, sun fi girma."

"Baƙin ba su ne matsalar ba, Baba. Waɗanda ke ciki yanzu jikokinsu ne, kuma jikokin namu ne. Gari biyu in sun haɗu, wace rariya ce za ta raba?"

"Babu dabara?"

"Akwai. A yi ta aurar da su gida-gida ana gwadawa, ko a dace. Shekaru ke nan, kuma sai da ɗakin bincike. Ni zuwa ƙarshen zangon nan aka ba ni." Ta share fuska da bakin mayafi. "Laifina ne. Na yi maka maganar gari, ban yi maka maganar da ta fi ba. Na ɗauka kowa ya sani."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ta hana shi zuwa jami'a. Ya ce to. Washegari tana fita ya sa rigarsa mafi kyau, ya bi bayanta a wata motar. Ya yi ta tambaya daga gini zuwa gini har aka nuna masa ofishin shugaban kwamiti, wani farfesa mai furfura da tabarau a goshi. Aka ba shi kujera, aka kawo masa ruwa. Ya zayyana komai, kwalin ashana, bayan buhuna, hurewar da ya yi.

"Ni ne. Yarinyar nan tun tana rarrafe ba ta taɓa ɓoye ko alewa ba. In kora ce, ni za a kora. In ɗauri ne, ga hannu, dama saura ne."

Farfesa ya sauko da tabaransa ya goge.

"Baba, na yarda da kai. Ni ma raina ya fi kwanciya da abin da ka faɗa, kuma zan sa a rubuta cewa ba mu same ta da ha'inci ba. Amma ba mai laifi muke nema ba. Ta ce in an yi kaza, kaza zai faru. Duk wanda ya gwada bai gani ba, ita ma ta gwada a gabanmu ba mu gani ba. Abin da zai tsaya mata ƙwarin nan ne, na asali. Akwai inda suka rage?"

"Rumfata ce gidansu."

"Tana ina?"

"Titi ya bi ta kai."

Farfesa ya miƙe. Ya raka shi har bakin matakala, yana riƙe masa gwiwar hannu kamar wanda zai faɗi. Mai Inji bai taɓa bari an riƙe shi haka ba. Ranar ya bari.

Duk da haka sai da ya je inda rumfar take a da. Ya tsaya a tsibirin tsakiyar titi, motoci suna wucewa ta gaba da ta baya, yana auna inda injin yake da ido. Kwalta ce shimfiɗe, baƙa, mai zafi. Ya shiga tsofaffin shagunan da suka rage a gefe yana tambayar ko akwai mai ajiye gari tun na da. Ɗaya waya yake sayarwa, ɗaya tayal. Wani saurayi ya miƙo masa sadaka.

Aka janye rubutun. Takardar kwamiti ta ce ba a same ta da ha'inci ba, amma masu ɗaukar aiki a jami'o'i kalmar janyewa kawai suke gani. Zango ya ƙare, Dokta ta kwaso littattafanta a kwali biyu, direban tasi ya taya ta hawa da su. Ba ta canza masa fuska ba ko sau ɗaya. Tana gaishe shi da safe, tana tuna masa maganin tari, tana yanke masa farce. Tela ya aiko a tambaya ko lafiya, kwana biyu benci ya yi sanyi. Mai Inji ya ce a ce masa ƙafa ce.

Bayan watanni ta samu aiki a wani kamfanin fulawa a bakin gari. Ita ce za ta riƙa duba rumbunan ajiya, ta sa a yi feshi, ta tabbatar ko ƙwaro ɗaya bai kwana da rai ba. Albashin ma ya fi na jami'a, in ji ta, tana goge rigar aikin, shuɗiya mai tambarin kamfani a ƙirji.

Safiyar da za ta fara, ta kawo shayi baranda ta zauna kusa da shi.

"Baba, ni a kwalba na san su. A wurin niƙa ina suke ɓuya?"

Ya dube ta ya ga ko tausayinsa take ji. Da gaske take tambaya.

"Ɗinkin bakin buhu," ya ce. "Da ƙarƙashin katakon da ake jera buhuna. In an share inji, a kwance murfin bel, nan gari yake taruwa ba a gani. Da tsagar bango, daidai inda ya haɗu da ƙasa."

"Sai ina?"

"Shi ke nan."

Ta jira ko zai ƙara. Bai ƙara ba. Ta shanye shayinta, ta ɗauki jaka, ta ce sai ta dawo. Ya leƙa ta kan baranda yana kallon shuɗiyar rigar tana tsallaka titi, ta tsaya a layin masu jiran motar kamfani, a bayan wani mai ɗaukar buhu.